Takardar gwaji ta riga ni warkewa

Sana'ata lalle. Shekara 11 ke nan ina zana wa amare da ƙawayensu a ɗakina da ke Pantami, cikin garin Gombe. Kafin wannan jinya sai an kama rana a wurina tun saura wata guda biki, wasu daga Bolari da Jekadafari, wasu har daga Kumo da Deba. Mai lalle ba ta da jarin da ya wuce hannunta. In hannu ya tsaya akwai abinci, in ya fara rawa sai a nemi wata. A hannun kuwa na fara ganin abin.

Wata Laraba ina ja wa wata amarya siririn layi na baƙin lalle daga wuyan hannu zuwa ɗan yatsa, sai na ga layin yana fita a karkace kamar sawun tsutsa a kan rairayi. Na goge na sake, ya sake karkacewa. Na ce yunwa ce, alhali ban fi awa guda da tashi daga kan kwanon tuwo ba. Amaryar ba ta ce uffan ba, amma ƙawarta ta ɗago ta dube ni, ta dubi hannuna.

Daga nan abubuwa suka riƙa biyo juna, kowanne in sama masa dalili. Ci nake kamar 'yar aikin gayya, na safe, na hantsi, har tsakar dare in tashi in ɗumama sauran miya, amma zanen da nake ɗaurawa ya koma yana neman zagaye ni sau biyu. Cikin wata 5 na sauko daga kilo 68 zuwa 55. Da hunturu ya shigo, kowa na neman rigar sanyi da garwashi, ni a kan sumunti nake kwana gumi na bin bayana. Da zarar na sa kai a filo sai in ji zuciyata a kunne kamar ana daka a gidan maƙwabta. Bayi sau 4 ko 5 a rana. Al'ada ta koma ta kwana ɗaya, daga baya ta yi wata biyu ba ta leƙo ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali salla ce: in na yi sujada, tashi zuwa raka'a ta biyu sai na dafa bango, cinyoyina kamar an zare musu laka. Shekarata 34 a lokacin.

Duk wannan ciwon jiki ne, hijabi yana rufe shi. Wanda bai rufu ba shi ne hali. Ni da ake yi wa shaidar sanyin rai, na koma ƙiris nake jira. Ƙarar cokali a kwano ma ta isa ta tunzura ni. Ranar da 'yata ta fari, tana 'yar shekara 6, ta kifar mini da kwaɓin lalle, na yi mata dukan da har yau in na tuna sai idona ya kawo ruwa. Ta yi kusan mako tana raɓewa bayan ƙyaure in ta ji motsina. Baban yara mutum ne mai kawaici, sai ya koma ba ya shigowa gida sai dare ya raba. Hajiya, mahaifiyarsa, ta ce masa a gabana, "Wannan ba yarinyar da muka ɗauko ba ce, a nema mata taimako." Aka yi mini ruƙiyya, na sha rubutu, aka yi turare. Ba na raina ko ɗaya daga ciki, don karatun Alƙur'ani ne kaɗai yake ɗan sama mini barci a wancan lokacin. Malamin da ya yi mini, Allah ya saka masa da alheri, shi da bakinsa ya ce wa Baban yara bai ga alamar iska ba, a kai ni asibiti.

Asibiti kuwa a wurina a lokacin kemis ne da ƙananan ɗakunan shan magani na unguwa. Sau 3 ana ce mini maleriya da taifod, a yi allura, a ɗaura ƙarin ruwa, in dawo gida yadda na fita. Aka gwada suga, lafiya. Aka gwada tarin fuka, lafiya. Saura wanda ba a kiran sunansa. A wajenmu in mace ta zube haka cikin 'yan watanni, ba a faɗa a gabanta, amma kowa ya san abin da ake raɗawa. Da ƙafata na je na yi gwajin ƙanjamau har sau 2, babu komai. Sai dai takarda ba ta bin gida-gida ta wanke mutum. Amare suka fara janyewa. Wata ta kira ta ce an ɗaga biki, bayan kwana uku na ga hotunan bikin a WhatsApp da lallen wata a hannunta.

Wadda Allah ya sa ta zama sanadi goggon wata amarya ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya. Ta rako 'yar ɗan'uwanta, ta zauna gefe tana jan carbi, idonta na kaina. Da na gama ta ce, "'Yata, miƙo hannunki." Ta kama wuyan hannuna, ta zuba wa agogonta ido na minti guda.

"Bugun zuciyarki 118, kuma a zaune kike. Tafin hannunki kamar an sauke shi daga murhu. Cire mayafin, ɗaga haɓarki, haɗiyi yawu."

Na haɗiya. Ta ce akwai maƙoƙo, ƙarami ne. Na ce, "Goggo, ai na ji an ce maƙoƙo rashin aidin ne a gishiri ke kawo shi." Ta ce wannan iri ɗaya ne, akwai kuma wanda ba rashi ba ne, aiki ne ya wuce gona da iri. Ta sa na rubuta kalmar a bayan littafin da nake rubuta ranakun amare: tayirod.

Washegari bayan asuba muka fita ni da Addata zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe. Aka yanki kati, aka buɗe fayil, likitan farko ya saurare ni ya tura ni wurin likitocin da ke duba masu suga da tayirod. Wanda ya duba ni a can ya yi abubuwan da ba a taɓa yi mini ba. Ya sa na miƙe hannuwa biyu ya ɗora farar takarda a kai, takardar ta hau karkarwa. Ya zagaya bayana ya dafa wuyana, ya ba ni ruwa na haɗiya. Ya sa na bi yatsansa da ido daga sama zuwa ƙasa. Ya ce in tsuguna in miƙe ba tare da dafa komai ba, na kasa. Sannan ya rubuta gwajin jini na haruffa da lambobi, TSH da T4 da T3, da na ƙidayar ƙwayoyin jini da na hanta, da hoton wuya. Kuɗin gwajin tayirod ɗin da nauyi, sai da na roƙi uwar adashe ta ba ni kwasata kafin lokaci.

Ranar da sakamako ya fito, na ga TSH ƙasa da 0.01, a inda takardar ta nuna na mai lafiya yana tsakanin wajen 0.4 da 4. T4 kuwa 58, alhali iyakarsa a ma'aunin ɗakin gwajin 22. Ɗaya ya yi ƙasa, ɗaya ya yi sama, na rasa gane ko yawa ne ciwona ko rashi. Bayanin da likitan ya yi mini har yau da shi nake fahimtar jikina.

Ya ce, "Malama, ki ɗauki tayirod a matsayin mai hura wutar gidan. Wata 'yar tsoka ce a gaban maƙogwaro mai siffar malam-buɗe-littafi. Sinadaran da take fitarwa, T4 da T3, su ke faɗa wa zuciya da hanji da tsoka da ƙwaƙwalwa saurin da za su yi aiki. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar ƙwaya, ita ce uwar gida. In ta ga wuta ta yi ƙasa sai ta tura ɗan aike ya ce a ƙara itace. Ɗan aiken shi ne TSH. Ke garkuwar jikinki ce ta ƙirƙiro ɗan aiken ƙarya, yana tsaye a bakin murhu dare da rana yana cewa a ƙara itace. Uwar gida ta ga wuta na neman cin gidan, ta daina tura nata. Shi ya sa TSH ɗinki ya ɓace."

Ya ce sunanta cutar Graves, sunan wani likita ɗan ƙasar Ailan, Robert Graves, da ya bayyana ta a 1835. Ita ce kan gaba a cikin abubuwan da ke sa tayirod ya yi aiki fiye da kima, ta fi kama mata nesa ba kusa ba, kuma tana bin dangi. Nan take na tuna wata ƙanwar Innata da ta rasu muna yara, mai manyan idanu, wadda ake cewa tana da iskoki.

Likitan ya ce in zo da maigidana. Wannan zama na biyu shi ne maganin farko da ya yi mini aiki. Ya dubi Baban yara ya ce, "Malam, faɗan nan da rashin haƙurin nan alamar ciwon ne, kamar yadda zazzaɓi yake alamar maleriya. Ka ɗauka an sa mutum gudu wata biyar ba a bar shi ya zauna ba." Baban yara bai ce komai ba har muka hau keke Napep. Da daddare na ji shi a waya yana maimaita wa Hajiya maganar kalma da kalma. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin wankin laifi ba. Hannuna ne ya daki yarinya, ba sinadari ba, kuma na zaunar da ita na roƙe ta gafara. Amma sanin cewa ba zuciyata ce ta lalace ba ya sauke mini dutse daga ƙirji.

Hanyoyin magani uku ne. Ƙwaya, ko tiyata a cire tayirod ɗin, ko wani aidin mai tururin nukiliya da ake haɗiya ya ƙone shi daga ciki, wanda sai an je irin su Abuja ko Ibadan, kuma bayansa sai an nisanci ƙananan yara na wasu kwanaki, a kuma guji ɗaukar ciki na wata 6. Bayan tiyata ko aidin ɗin, yawanci mutum kan koma shan tairoksin, ƙwayar da ke maye gurbin sinadarin tayirod, har ƙarshen rayuwa. Ni da ƙwaya aka fara: kabimazol, miligiram 30 kullum, da furofaranolol don bugun zuciya da karkarwa, bayan ya tabbatar ba ni da asma. Ya gargaɗe ni kada in sa ran ganin canji da wuri, don kabimazol sabon sinadari yake hana ƙerawa, wanda ke ajiye a rumbu kuwa sai jiki ya cinye shi, abin da kan ɗauki mako 4 zuwa 6.

Sai gargaɗin da ya sa na maimaita masa da bakina. In na ji ciwon maƙogwaro, ko zazzaɓi, ko gyambo a baki, in daina shan ƙwayar nan take in zo a ƙidaya fararen ƙwayoyin jinina a ranar, don a kan samu wanda maganin ke karya masa su, ko da yake ba kasafai ba. A mako na biyar kuwa na tashi da ciwon maƙogwaro da zafin jiki. A da, kemis zan aika a sayo mini maganin mura. Ranar muka tafi sashen gaggawa da dare, aka ɗebi jini, na kwana a kan benci ina salati. Ƙwayoyin suna nan lafiya, mura ce kawai, aka ce in ci gaba. Na ba da wannan ne don duk mai shan wannan magani ta riƙe shi da kyau.

Azumi ya faɗo cikin bazara a shekarar, zafin Gombe na kai 40. Likita ya ce da irin gumin da nake yi da bugun zuciyar nan kada in ɗauka, malaminmu ma ya ce mara lafiya yana da rangwame. Na sha azumin gaba ɗaya, na rama daga baya. Cin abinci a ɓoye da rana, yarana na kallona, ya yi mini ciwo fiye da yadda na zata.

A mako na shida T4 ya sauko zuwa 30, aka rage ƙwaya zuwa miligiram 20. TSH kuwa yana nan a 0.01, na fashe da kuka a gaban likita. Ya ce ɗan aiken da ya daɗe a ɓoye ba ya fitowa da wuri, yakan yi watanni, don haka a farkon jinya T4 ake bi. Sai na yi kuskuren da nake so wata ta guje masa. Na ji sauƙi, bukukuwan bayan salla suka zo, ga bashi, na tsallake ranar gwaji na ci gaba da shan ƙwaya yadda take. Zuwa tsakiyar damina na koma wata halitta dabam: sanyi nake ji ana zufa, fuska ta kumbura, ciki ya ɗaure, barci ba dare ba rana, magana ma da ƙyar. Wutar da ta yi yawa ce aka yayyafa wa ruwa har ta kusa mutuwa. Gwaji ya nuna T4 ya faɗi ƙasa, TSH ya haura 14. Aka rage zuwa 10, daga baya 5. Tun ranar kuɗin gwaji nake fara warewa kafin na cefane.

A bencin jiran likita na samu 'yan'uwan da ban san ina da su ba. Akwai wata daga wajen Dukku da ta ji sauƙi ta watsar da magani gaba ɗaya, ta dawo da kumburin ƙafa da zuciyar da ke bugawa ba tsari. Tayirod in an bar shi yana gudu, zuciya yake gajiyarwa, ya kuma siranta ƙashi, wani lokaci ya tashi gaba ɗaya da zazzaɓi mai tsanani da gushewar hankali har ya kai ga rai. Duk wadda ta zo sabuwa, mu ke fara yi mata bayani kafin ta shiga.

A wata na takwas likita ya dubi takarda ya ce, "Alhamdu lillahi, komai ya daidaita." TSH 1.8, T4 a tsakiyar ma'auni. Aka yi murna a gida, Hajiya ta yi sadakar ƙosai. Daga ranar kuma aka daina ce mini sannu.

Ni kuwa ban warke ba. Gashina yana bin matsefi. Nauyi ya wuce inda yake a da, ya kai kilo 74, don cin da na saba bai ragu tare da wutar ba. In na ɗora tukunya sai in manta ko na sa gishiri. Aikin da nake yi wa amare uku a yini, ɗaya ta ishe ni kwanciya. Ƙofa in ta buga gabana ya faɗi, in kama wuyan hannuna ina ƙidaya, ina tsoron abin ya dawo. Ga idanu. Sun ɗan firfito tun farko, kuma ba su koma ba. In iskar hunturu ta taso sai in ji kamar an zuba mini yashi, da safe fatar ido a kumbure. Wata ƙawar amarya ta taɓa tambayata me ta yi mini nake harararta. Na daina shiga hoto a biki. In na ce na gaji, sai a ce, "Ai an ce kin warke." Wannan kalma ta fi allura zafi, don mai faɗarta ba da mugunta yake faɗa ba, takarda ya gani.

Abin da ya taimake ni, likitan bai tsaya a takardar ba. Kowace ganawa sai ya tambaya, "Ya barci? Ya aiki? Ya gida?" Ranar da na zazzage masa duka, ya ce sananne ne masu wannan ciwo da yawa jikinsu da ransu kan yi watanni a baya bayan lambobi sun daidaita, kuma ciwon idon tafiyarsa dabam, ba lallai ya bi hawa da saukar sinadari ba. Ya tura ni wurin likitan ido, aka ba ni maganin ɗigawa mai jiƙa ido, aka ce in ƙara filo in zan kwanta, in sa baƙin tabarau in zan fita, kuma kada a sha taba kusa da ni, don taba na ƙara tsananta shi. A ganina duk likitan da ke duba mai tayirod ya kamata ya yi waɗannan tambayoyi uku, kuma dangi su ma su koye su. Lamba tana faɗin abin da ke cikin jini ne kawai. Ba ta san amare nawa suka gudu ba, ba ta san yarinyar da ke raɓewa bayan ƙyaure ba.

Maganar haihuwa ma ta taso, don autana ya kai shekara 4 kuma an fara tambaya. Kabimazol na iya cutar da jariri a watanni ukun farko na ciki, shi ya sa ake sauya wa mai neman ciki magani zuwa wanda ake kira PTU, kuma ciki a kan tayirod da bai daidaita ba yana jawo ɓari. Muka yi shawara da Baban yara muka shiga tsarin tazarar haihuwa har a gama. Shi ya tare mini masu tambaya.

Sana'a kuwa a hankali ta dawo. Na koya wa ƙanwata zanen siraran layuka, ni na riƙe jan lalle na salatif da dilka da halawa, waɗanda ba sa buƙatar tsayayyen hannu sosai. Goggon nan mai ritaya ita ta riƙa turo mini 'ya'yan danginta, tana faɗa wa kowa sunan ciwona a fili, abin da ni na kasa yi. Da sunan ya bazu, raɗe-raɗin ya mutu.

Da na cika wata 18 aka sake gwaji, har da na ɗan aiken ƙaryar nan, aka ga ya yi ƙasa, likita ya ce in ajiye ƙwaya. Bai ɓoye mini ba: kusan rabin waɗanda suka daina, ciwon kan dawo musu, galibi a shekarar farko, kuma bayan haihuwa lokaci ne na sa ido. In ya dawo, sai mu zauna maganar tiyata ko aidin. Yau wata 5 ke nan rabona da kabimazol. Kowace safiya bayan sallar asuba nakan kama wuyan hannuna kamar yadda Goggo ta yi, in dubi agogon waya. Yakan tsaya tsakanin 76 da 80. Gwaji na gaba watan gobe ne, kuɗinsa na ɗaure a gefe.

Makon jiya aka yi bikin ƙanwar Baban yara. Bayan na sallami amarya da ƙawayenta, dare ya yi, ina tattara kaya, sai 'yata ta zo ta zauna a gabana ta miƙo hannu. Rabonta da ta nemi in yi mata lalle tun ranar kwaɓin nan, ƙanwata take zuwa wa. Na ɗauki ledar baƙin lalle, na riƙe yatsunta, na ja siririn layi daga wuyan hannu zuwa ɗan yatsa. Ya tafi a miƙe. Tana kallon zanen ta ce, "Umma, hannunki ya daina zafi."